Ciwon ɓarin kai da alamomin da ke hawa kan DNA: tambayoyi da amsoshi

Masu fama da ciwon ɓarin kai sun daɗe suna jin amsa guda: gado ne. Gaskiya ne, amma ba ita ke nan ba. Gado bai faɗi dalilin da ya sa ciwon da ke zuwa sau ɗaya a wata yake komawa kusan kullum ba, bai kuma faɗi yadda ɗaya cikin tagwaye masu kama ɗaya zai wuni kwance a ɗaki mai duhu alhali ɗan'uwansa bai san ciwon ba. Binciken alamomin da ke hawa kan DNA, wato rubutun gado da ke cikin ƙwayoyin jiki, yana neman cike wannan giɓi ne. Sunayen magunguna mun bar su yadda ake rubuta su a jikin kwali, don kada a sami ruɗani wajen magana da likita.

Wane ciwon kai ne ake nufi da ciwon ɓarin kai?

Ba kowane sarawar kai ba ne. Ƙa'idar da likitocin duniya ke bi, wadda aka sabunta a 2018, ta ce sai ciwon ya taso aƙalla sau 5, kowane tashi yana ɗaukar awa 4 zuwa 72 idan ba a sha magani ba. Sai kuma a sami biyu daga cikin siffofi huɗu: yana kama ɓari ɗaya, yana bugawa dam-dam, yana da tsanani, yana ƙaruwa idan an motsa ko an hau bene. A tare da shi akwai tashin zuciya ko amai, ko kuma mutum ya kasa jure haske da ƙara. Duk da sunansa, a wurin mutane da yawa kan gaba ɗaya yake kamawa, musamman yara.

Kusan kashi ɗaya cikin uku na masu shi suna samun gargaɗi kafin ya sauko, abin da likitoci ke kira ora: walƙiya mai zigi-zaga a ido, wani yanki na gani ya ɓace, hannu ko leɓe ya yi sanyi, magana ta sarƙe, na tsawon minti 5 zuwa 60. Fiye da mutum biliyan 1 ne ke da wannan ciwo a duniya, kuma mata sun ninka maza kusan sau 3.

Mene ne efijenetik?

DNA rubutu ne mai baƙaƙe huɗu, A da T da C da G, kimanin biliyan 3 a jere. A cikinsa akwai ƙwayoyin gado wajen 20,000 waɗanda ake karantawa a ƙera furotin. Ƙwayar hanta da ƙwayar ƙwaƙwalwa rubutu ɗaya suke ɗauke da shi, amma aikinsu ya sha bamban, domin ba wuri ɗaya suke karantawa ba. Abin da ke tsara inda za a karanta da inda za a tsallake shi ne efijenetik. Masanin halittu na Birtaniya Conrad Waddington ne ya fito da sunan a 1942.

Wanda ya san rubutun ajami zai gane shi nan take. Baƙaƙe suna nan yadda suke, amma wasali bisa ko wasali ƙasa ko rufu'a ko ɗauri ne ke sa a karanta kalma haka ko haka. Ba a taɓa baƙi ba, karatu ya canja. Haka alamomin nan suke a kan DNA, sai dai su jiki ne ke sakawa yana gogewa, kuma shekaru da abinci da taba da magani da damuwa duk suna da hannu a ciki.

Waɗanne irin alamomi ne, kuma yaya ake saka su?

Iri uku aka fi sani.

Na farko shi ne metil, ɗan ƙaramin sinadari mai kabon ɗaya da haidurojin uku. Ana liƙa shi a kan baƙin C, galibi inda G ke biye da shi, wurin da ake rubutawa CpG. Irin waɗannan wurare sun kai miliyan 28 a DNA na ɗan Adam, kuma kashi 70 zuwa 80 cikin 100 suna ɗauke da metil. Idan metil ya taru a bakin ƙwayar gado, inda ake soma karatu, yawanci ƙwayar tana yin shiru. Furotin ne ke wannan aiki: DNMT3A da DNMT3B ne ke saka sabuwar alama, DNMT1 ke kwafe ta duk sanda ƙwayar jiki ta rabu biyu, rukunin TET kuma ke soma aikin gogewa. Metil ɗin da ake liƙawa daga wani sinadari mai suna SAM ake ciro shi, shi kuwa SAM yana dogara da folet da bitamin B12.

Na biyu yana kan histon. Tsawon DNA na ƙwayar jiki guda ya kai mita 2, saboda haka ana nannaɗe shi a jikin dunƙulen furotin takwas-takwas da ake kira histon, baƙaƙe 147 a kowane dunƙule. Idan aka liƙa wa histon sinadarin asetil, naɗin yana sassautawa, karatu ya yiwu. Rukunin HDAC ne ke cire asetil, naɗi ya sake tsukewa. A riƙe wannan suna na HDAC, zai sake fitowa a maganar magani.

Na uku ƙananan guntayen RNA ne, wani sinadari ɗan'uwan DNA, masu baƙaƙe wajen 22, waɗanda ke tare saƙon ƙwayar gado a hanya kafin a ƙera furotin. Gano su ne ya ba Victor Ambros da Gary Ruvkun kyautar Nobel a 2024.

Tun da an san ciwon yana bin dangi, me ya kawo wannan magana?

Tagwaye ne suka kawo ta. Wani babban bincike na 2003 da ya haɗa tagwaye kusan 30,000 bibbiyu daga ƙasashe shida ya nuna rabon gado a wannan ciwo yana tsakanin kashi 34 zuwa 57 cikin 100. Sauran ya fito ne daga abin da ba rubutun DNA ba. A 2005 kuma masu bincike a Sifen sun auna tagwaye masu kama ɗaya daga 'yan shekara 3 zuwa 74, suka tarar alamomin ƙananan kusan iri ɗaya ne, na manyan kuwa sun rabu sosai, musamman waɗanda suka daɗe ba su zauna tare ba.

Ta fuskar gadon kansa an yi nisa. A 2022 an kwatanta masu ciwon fiye da 102,000 da marasa shi fiye da 771,000, aka sami wurare 123 a DNA da ke ƙara haɗarin kamuwa. Kowanne tasirinsa kaɗan ne, kuma mafi yawansu ba a cikin ƙwayoyin gado suke ba, suna yankunan da ke tsara karatunsu ne, wato daidai inda alamomi ke aiki. Akwai nau'i guda da ba safai ake gani ba, mai zuwa da raunin ɓarin jiki na ɗan lokaci, wanda kuskure a ƙwayar gado ɗaya tak ke haddasawa: CACNA1A ko ATP1A2 ko SCN1A. Wannan daban yake.

Me aka gano a jinin masu ciwon?

A Ostareliya a 2018 an kwatanta jinin masu ciwon 67 da na masu lafiya 67. Babu wuri guda na CpG da ya fito fili shi kaɗai, amma an sami yankuna 62 da yawan metil ɗinsu ya bambanta, wasu a kusa da ƙwayoyin gadon da ke shigar da sinadarai cikin ƙwayar jiki suna fitar da su, irin su SLC6A5 da SLC38A4.

A Norwe, a shekarar dai, an bi mata 36 da ciwon kansu ya tashi daga jefi-jefi ya zama mai naci cikin shekara 11, aka gwada su da mata 35 da nasu bai tsananta ba. Wuraren da suka fi bambanta suna kusa da SH2D5 da NPTX2, kuma dukansu suna da hannu a yadda mahaɗar jijiyoyin ƙwaƙwalwa ke ƙara ƙarfi ko raguwa. Sakamakon bai haye ma'aunin tabbaci ba, amma inda ya nuna ya dace da abin da aka sani game da ciwo mai naci.

A Denmak a 2016 an ga guntayen RNA biyu, miR-34a-5p da miR-382-5p, suna hawa a jini lokacin da ciwon ya taso. A ɓeraye kuwa, an tayar da igiyar lantarkin da ke haifar da ora, wadda Aristides Leão na Barazil ya gano a 1944 kuma take tafiya kimanin milimita 3 a minti a saman ƙwaƙwalwa, sai aka ga alamomin histon sun sauya bayan ta wuce.

A lura da adadin mutanen. Gomiya-gomiya ne, alhali binciken gado yana magana da dubban ɗaruruwa. Wannan shi ne babban raunin fannin a yau.

Ina ake jin sunan CGRP a wannan batu?

CGRP ɗan guntun furotin ne da jijiyar tirajeminal, mai rassa uku a fuska da kai, ke fitarwa lokacin ciwon. Yana buɗa jijiyoyin jini na rufin ƙwaƙwalwa, yana kuma ƙara kaifin saƙon zafi. Idan aka ɗura shi a jinin mai ciwon, sau da yawa ciwon kan taso bayan 'yan awoyi. Magungunan da ke tare shi, tun daga erenumab da aka amince da shi a Amurka a 2018, sun rage ranakun ciwo ga ɗimbin mutane.

Ƙwayar gadon da ke ƙera shi ita ce CALCA. A 2011 masu bincike a Jami'ar Iowa sun nuna a ƙwayoyin ɓera cewa metil da tsukewar histon ne ke rufe ta a ƙwayoyin da ke tallafa wa jijiya, kuma da aka cire makullan biyu tare sai ta buɗe sosai. A Italiya a 2022 an sami ƙarancin metil a bakin CALCA a jinin wasu masu ciwon. RAMP1 kuwa, wani sashe na makarɓin CGRP, sakamakonsa ya saɓa: binciken Sin na 2015 ya karkata ga ƙarancin metil, na Fotugal da ya biyo baya ya sami yawansa a wani wuri a jinin mata. Irin wannan saɓani ba abin mamaki ba ne idan mutanen kaɗan ne kuma ba wuri ɗaya aka auna ba.

Yaya ake auna metil, kuma ina ake yin kuskure?

Ana ɗibar jini, a ciro DNA daga fararen ƙwayoyinsa, a ɗauki nanogiram 250 zuwa 500. Sai a jiƙa shi a sinadarin baisalfait. Duk C da ba shi da metil zai juye, na'ura ta karanta shi a matsayin T. Wanda ke da metil zai zauna C. Daga nan a ɗora a kan faranti na gwaji, galibi na kamfanin Illumina, wanda ke duba wurare wajen 850,000. Kowane wuri ana ba shi maki daga 0 zuwa 1.

Kurakuran sanannu ne. Idan baisalfait bai gama aikinsa ba, C marar metil zai tsira, a ɗauka yana da shi. Idan aka sa jinin marasa lafiya a faranti ɗaya, na masu lafiya a wani, bambancin faranti zai fito kamar bambancin ciwo. Fararen ƙwayoyin jini iri-iri ne, kowanne da alamominsa, don haka mura ko kumburi da ya sauya yawan wani iri ya isa ya sauya maki. Taba sigari tana rage metil sosai a ƙwayar gadon AHRR, saboda haka dole a cire tasirinta a lissafi, haka ma shekaru da ƙiba da magungunan da mutum ke sha. Sannan wanda ya duba wurare 850,000 da ma'aunin da aka saba na kashi 5 cikin 100 zai sami fiye da 42,000 da suka "bambanta" bisa katari kawai. Shi ya sa ake tsaurara ma'aunin zuwa kusan 1 cikin miliyan 10, abin da ƙaramin bincike ba ya iya kaiwa. Faranti ma kashi 3 cikin 100 kacal na wuraren CpG yake gani.

Mafi girman matsala ita ce jini ba ƙwaƙwalwa ba ne. Wani bincike a Rotterdam ta Holan a 2014 ya duba ƙwayoyin gadon da ke da alaƙa da ciwon a sassan jikin ɓera daban-daban, ya tarar metil na jini bai bi na jijiyar tirajeminal ba. Ba kuwa za a yanko jijiyar mai rai don gwaji ba.

Alamomin ne ke kawo ciwon, ko ciwon ne ke kawo alamomin?

Auna jini sau ɗaya ba ya raba wannan gardama. Mai ciwon shekara 20 ya sha magani mai yawa, ya rasa barci, ya rage motsa jiki, kowanne kuma yana iya barin alama. Binciken da ke bin mutum ɗaya, a auna shi kafin sauyi da bayansa, shi ne abin dogaro. A ganinmu hanyar biyu ce: gado yana sa ƙwaƙwalwa ta zama mai saurin harzuƙa, kowane tashi na ciwon yana kunna wasu ƙwayoyin gado a jijiyoyin zafi, idan kuma tashin ya yawaita sai kunnawar ta zauna, tashi na gaba ya zo da sauƙi.

Me ya sa ciwona da ke zuwa jefi-jefi ya koma kusan kullum?

Nan ne wannan ilimi ya fi shafar rayuwar mai ciwo. Ana kiran ciwon mai naci idan kai ya yi ciwo kwana 15 ko fiye a wata, har fiye da wata 3, kuma aƙalla kwana 8 daga ciki suna da siffar ciwon ɓarin kai. Duk shekara kimanin kashi 2.5 zuwa 3 cikin 100 na masu jefi-jefi suna faɗawa wannan rukuni. Rubutun DNA ɗinsu bai canja ba a tsakanin shekarun. Abin da ya canja shi ne saitin jijiyoyi, har ta kai wasu tsefe gashi ko ɗora kai a matashi yana yi musu zafi.

Abubuwan da ke tura mutum can sun haɗa da yawan tashin ciwon tun farko, ƙiba, munshari mai yanke numfashi, ciwon damuwa, da yawan shan kafeyin. Amma wanda ya fi kowanne kama mutane, kuma ya fi sauƙin gyara, shi ne maganin ciwon kansa. Iyakokin a bayyane suke. Paracetamol ko ibuprofen ko aspirin, kwana 15 a wata. Rukunin triptan irin su sumatriptan, ergotamine, codeine, tramadol, da ƙwayoyin da aka haɗa magani biyu ko uku a ciki, kwana 10 a wata. Wanda ya kai wannan iyaka fiye da wata 3 ya shiga haɗarin ciwon kai na yawan shan magani. Ranaku ake ƙirgawa, ba ƙwayoyi ba: ƙwaya ɗaya kullum ta fi cikakken awo sau biyu a mako illa. Mutum yakan farka da asuba da kai mai nauyi, ya haɗiyi ƙwaya, ya sami sauƙin awa uku ko huɗu, ciwon ya dawo, ya ƙara, kuma a ransa maganin ne ke riƙe da shi.

Gyaran shi ne a dakatar da maganin da aka yawaita. Kwana 2 zuwa 10 na farko ciwon yana tsananta, da tashin zuciya da rashin barci, a nan ne kuma mutane da yawa ke karaya su koma. Bayan haka sauƙi yana zuwa a hankali cikin makonni. Magungunan zafi na yau da kullum da triptan ana iya yanke su lokaci ɗaya. Codeine da tramadol sai an riƙa ragewa ƙarƙashin kulawar likita.

A Holan an bi masu ciwo mai naci kusan 100 da suka dakatar da magani na mako 12, an auna jininsu kafin da bayan, aka wallafa sakamakon a 2023. Raguwar ranakun ciwon kai ta tafi tare da sauyin metil a HDAC4, ɗaya daga cikin masu tsuke naɗin DNA. Wannan bai tabbatar da sanadi ba, amma ya nuna abu mai muhimmanci: alamomin suna motsi cikin watanni, ba tabo ne na har abada ba.

Me ya sa mata suka fi fama da shi?

Kafin balaga yara maza da mata kusan ɗaya suke. Bayan balaga ne mata ke wucewa. Faɗuwar sinadarin istirojin gab da jinin al'ada ce ke tayar da ciwon, daga kwana 2 kafin jinin zuwa kwana na 3 da zuwansa, kuma na wannan lokaci ya fi daɗewa ya fi taurin kai. Mafi yawan mata suna samun sauƙi bayan wata uku na farkon juna biyu. Alaƙarsa da batunmu ita ce istirojin yana shiga ƙwayar jiki, makarɓinsa ya zauna a kan DNA, ya jawo masu liƙa asetil a histon, ƙwayoyin gado su buɗe.

Wata magana da ba ta jiran bincike: macen da ke samun ora kada ta sha ƙwayar tsarin iyali mai ɗauke da istirojin, domin haɗuwarsu tana ƙara haɗarin shanyewar ɓarin jiki, shan taba kuma yana ninka shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wannan a jerin abin da aka hana. Akwai hanyoyin da ba su da istirojin.

Wahalar ƙuruciya da damuwa suna barin alama?

Suna bari. A 2004 masu bincike a Jami'ar McGill ta Kanada sun nuna 'ya'yan ɓeran da uwa ba ta yawan lasa suna girma da ƙarin metil a ƙwayar gadon da ke kwantar da sinadarin firgici, sai su zama masu saurin tsorata. A 2009 an ga makamancin haka a ƙwaƙwalwar mutanen da aka cuta suna yara. A gefe guda, bincike da yawa sun nuna waɗanda suka sha wahala a ƙuruciya sun fi samun ciwon ɓarin kai mai naci. Zaren da zai haɗa waɗannan biyu kai tsaye shi ake kan nema. Kada kowa ya ɗauki wannan a matsayin laifinsa ko na iyayensa. Da yawa suna da ciwon ba tare da sun ga wata wahala ba.

'Ya'yana za su gaji alamomin da ciwon ya bar mini?

Mafi yawa ba sa wucewa. Jiki yana goge kusan dukan metil sau biyu: lokacin da ake ƙera ƙwan mace da maniyyi, da kuma kwanakin farko bayan shigar ciki. Abin da ake gada shi ne rubutun DNA. Binciken Denmak na 1995 ya nuna dangi na kusa na mai ciwon marar ora haɗarinsu ya kusa ninki 2, na mai ora kuwa ya kusa ninki 4.

Abin da ke iya shafar alamomin jariri shi ne yanayin da ya samu a ciki. Mutanen da aka ɗauki cikinsu a lokacin yunwar Holan ta 1944 zuwa 1945 an tarar da ƙarancin metil a ƙwayar gadon IGF2 a jininsu bayan shekara 60. Don haka abincin mai juna biyu da maganin da take sha sun fi tarihin ciwonta muhimmanci.

Folik asid da bitamin B za su gyara alamomin?

Tunanin yana da tushe, tun da su ne ke samar da metil. Wani sauyi a ƙwayar gadon MTHFR, mai lamba C677T, yana rage sarrafa folet ya ɗaga sinadarin homosistin, kuma wasu bincike sun danganta shi da ciwon mai ora, ko da yake manyan binciken gado ba su fito da shi ba. A Ostareliya a 2009 an ba mutum 52 masu ora folik asid miligiram 2, B6 miligiram 25 da B12 maikurogiram 400 kullum, ko kuma ƙwayar bogi, na wata 6. Homosistin ya sauka da kashi 39 cikin 100, naƙasun da ciwon ke jawowa ya ragu. Da aka sake gwadawa da miligiram 1, a sakamakon 2016, ba a ga amfanin ba.

Metil ba abu ne da ake cewa yawansa ya fi ba, kuma ƙwayar magani ba ta zaɓar wurin da za ta liƙa shi. Yawan folik asid yana ɓoye ƙarancin B12 alhali jijiyoyi suna lalacewa, yawan B6 na dogon lokaci kuma yana kashe jin tafin hannu da ƙafa. Wanda ba shi da juna biyu kada ya wuce miligiram 1 na folik asid a rana sai da umarnin likita. Ƙarin abincin da ya fi samun shaida a rigakafin ciwon su ne riboflavin miligiram 400 da magnesium miligiram 400 zuwa 600 a rana. Na farkon yana mai da fitsari rawaya sosai, na biyun yana iya sa gudawa.

Akwai maganin ciwon da ke aiki ta wannan hanya?

Valproate, maganin farfaɗiya da ake bayarwa don rigakafin ciwon ɓarin kai, an gano a 2001 cewa yana hana HDAC aiki. Yana da wasu hanyoyin aiki a ƙwaƙwalwa ban da wannan. Illarsa ga ɗan tayi babba ce: kimanin jariri 10 cikin 100 ana haifarsu da naƙasa, 30 zuwa 40 cikin 100 kuma suna samun matsalar koyo da tasowa. Mai juna biyu ba ta shansa don ciwon kai ko kaɗan, macen da za ta iya ɗaukar ciki ma a nema mata wani. Topiramate shi ma yana da haɗari ga ciki.

Magungunan da aka ƙera musamman don sauya alamomi, irin su azacitidine da vorinostat, na cutar daji ne. Suna taɓa jiki gaba ɗaya, ba su da gurbi a ciwon kai.

Zan iya yin gwajin da zai nuna alamomina?

Babu gwajin efijenetik da aka amince da shi don gano ciwon ɓarin kai, ko hasashen tsanantarsa, ko zaɓar magani. Waɗanda ake tallatawa a intanet galibi shekarun jiki suke ƙiyastawa, bisa lissafi irin na Steve Horvath na 2013 mai amfani da wurare 353, kuma ba su cewa komai game da kai. Gwajin MTHFR ma ba ya sauya magani. Har yau da labarin mai ciwo da duba jikinsa ake gane cutar.

To me mai ciwon zai yi yanzu?

Ya soma da rubutu. A kalanda, kowace rana a sa alama uku: kai ya yi ciwo ko bai yi ba, wane magani aka sha, mace kuma ta ƙara ranakun al'ada. Wata 2 zuwa 3 sun isa su nuna inda aka dosa. Ƙwaƙwalwa tana manta ƙananan ranaku, kuma su ne ke cika lissafin 15.

Idan ciwon ya taso, a sha cikakken awo da wuri, kafin ya kama sosai: ga babba, ibuprofen miligiram 400, ko aspirin 900, ko paracetamol 1,000, ko sumatriptan 50 zuwa 100. Rabin awo a makare shi ke sa a yi ta ƙarawa har kwana uku. Ciki yana rage aiki lokacin ciwon, shi ya sa likita kan haɗa da metoclopramide miligiram 10. Mai gyambon ciki ko ciwon ƙoda ya guji ibuprofen da aspirin, yaro ƙasa da shekara 16 ba ya shan aspirin, mai ciwon zuciya ko hawan jinin da bai daidaita ba kuma ba ya shan triptan.

Idan ranakun ciwo sun kai 4 a wata, lokacin maganar rigakafi ya yi: propranolol, amitriptyline, candesartan ko topiramate, gwargwadon lafiyar mutum, domin mai asma ba ya shan propranolol, mai juna biyu ba ta shan candesartan. Ana farawa da kaɗan a riƙa ƙarawa, a ba shi mako 8 zuwa 12 kafin a yanke hukunci. Nasara ita ce ranakun su ragu da rabi. Masu ajiye shi bayan kwana 10 ba su ba shi dama ba.

Sai lokacin barci da na tashi su zama ɗaya har ranar hutu, kada a tsallake abinci, a sha ruwa. A Suwidin a 2011 motsa jiki na minti 40 sau 3 a mako ya rage tashin ciwon daidai da topiramate.

Yaushe ciwon kai yake buƙatar asibiti nan take?

Idan ya faɗo farat ɗaya ya kai maƙura cikin minti 1. Idan ya zo da zazzaɓi da sanƙarewar wuya, ko ruɗewa, ko jijjiga, ko raunin hannu ko ƙafa, ko karkacewar baki. Idan ora ta wuce awa 1, ko gani ya ɗauke a ido ɗaya. Idan sabon ciwo ne bayan shekara 50, ko bayan buguwa a kai, ko ga mai cutar daji ko raunin garkuwar jiki. Idan yana ƙaruwa mako bayan mako, ko tari da yunƙuri suna tayar da shi. Mai juna biyu ko mai jego da ta sami sabon ciwon kai mai tsanani, musamman da kumburin fuska ko dishi-dishin gani, a auna hawan jininta a ranar, ko da ta saba da ciwon ɓarin kai tun tana budurwa.